Babi na Shida: Ƙasar Jajaye da Masu Sauraron Motsinta

Duk wanda ya zauna da dattawan Jajaye ya ce su lissafa masa masifun da suka gani da idonsu, zai ji fari, zai ji tsutsar da ta cinye masara, zai ji daminar da ta kwantar da gidaje, da gobarar hunturu, da ɓarayin shanu. Girgizar ƙasa ba za ta shigo lissafin ba. Sun dai san ta, tun suna yara a makarantar allo suka haddace surar Zalzala, kuma rediyo ya kawo musu labarin Turkiyya da Siriya a Fabrairun 2023, da na Maroko a Satumbar 2023. Amma a wurinsu abu ne na ƙasashen nesa, ko na ranar tashin ƙiyama.

Ilimin ƙasa ya fi goyon bayan dattawan nan a kan mai son tsorata su. Jajaye mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Rogo, can kusurwar kudu maso yammacin jihar Kano inda ƙasar Kano ta yi iyaka da ta Katsina da ta Kaduna. Ƙarƙashin gonakin rake da masara na wannan yanki, har zuwa Ƙaraye, tsohon dutse ne mai tauri, wanda rabonsa da babban tashin hankali tun kimanin shekara miliyan 600. Ɓawon duniya kuwa rarrabe yake zuwa manyan farantai da ke tafiya 'yan santimita a shekara, kuma mafi yawan girgizar ƙasa tana aukuwa ne a bakin farantan, inda suke gogayya ko ɗaya ke kutsawa ƙarƙashin ɗaya. Turkiyya da Japan da Nepal a irin wannan baki suke zaune. Mu a tsakiyar farantin Afirka muke, nesa da kowane baki. Wannan ni'ima ce, kuma bai kamata wani ya rage mata daraja don neman a saurare shi ba.

Sai dai tsakiyar faranti ba ta nufin ƙasa ba ta taɓa motsi. A jerin da masanan Najeriya suka tattara akwai Warri a 1933, akwai Legas da Ibadan da suka ji girgizar Accra ta watan Yunin 1939, akwai Ijebu-Ode a 1963 da kuma 1984. A Arewa an rubuta Ɗambatta a 1975, nan cikin jihar Kano, da Yola a 1984, da Ɗangulbi ta Zamfara a 1994. Na baya-bayan nan da mutane ke tunawa su ne na Kwoi a ƙaramar hukumar Jaba ta jihar Kaduna, ranar 11 da 12 ga Satumbar 2016, daidai lokacin Babbar Sallah, inda bangaye suka tsage mutane suka bar ɗakunansu. Sai na Mpape a Abuja daga 5 zuwa 7 ga Satumbar 2018, wanda ya sake dawowa a Satumbar 2024. Ban da ta Accra, dukkansu ƙanana ne. Na Kwoi da Mpape ba su wuce wajen maki 3 ba, kuma a ma'aunin girgiza kowane maki ɗaya da aka ƙara, ƙarfin da ya fita yana ninkawa kusan sau 32. Ke nan tsakanin maki 3 da maki 6.8 na Maroko akwai rata mai nisan gaske.

Me ke motsa tsohon dutse? Ƙwaryar da ta taɓa tsagewa aka ɗinke ta, za ta yi shekaru tana aiki, amma ranar da aka danne ta, a kan ɗinkin za ta fara amsawa. Dutsen da muke kai yana da irin waɗannan tsoffin tsaga, masu tafiyar ɗaruruwan kilomita daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas. Masana sun ba su sunayen wuraren da suka ratsa: akwai ta Anka, akwai ta Ifewara zuwa Zungeru, akwai ta Kalangai da ke yammacin Zariya. Dannar kuwa daga tsakiyar tekun Atlantika take zuwa, inda ƙasan teku ke buɗewa a hankali tana tura Afirka gefe guda, Amurka ta Kudu gefe guda. J. B. Wright, wanda ya koyar da ilimin duwatsu a Jami'ar Ahmadu Bello, ya rubuta a 1976 cewa tsagogin nan na Najeriya suna da alaƙa da manyan tsagogin ƙasan tekun. Har yau a kan wannan tunani ake yawan bayanin motsin da muke ji.

Ya dace ɗan Rogo ya san cewa kaso mai tsoka na wannan ilimi a maƙwabtansa aka gina shi, don a miƙe Zariya ta fi Kano kusa da shi. A Samaru Deborah Ajakaiye ta yi digirinta na uku a 1970, ta yi shekaru tana auna abin da ke ɓoye ƙarƙashin ƙasar Najeriya, ta zama farfesa a 1980, kuma ita ake ambata a matsayin mace ta farko da ta kai wannan matsayi a fannin fiziks a Afirka. Lokacin da ƙasa ta motsa a Ijebu-Ode a ƙarshen Yuli da farkon Agustan 1984, ita da abokan aikinta, har da Mosto Onuoha na Jami'ar Nsukka, suka bi diddigin lamarin suka wallafa sakamakonsa a 1987. Masana daga Arewa da Gabas suna binciken girgizar ƙasar Yarbawa: tun farko wannan fanni aikin gayya ne.

Wanda zai ce ƙaramin motsi bai cancanci wannan wahala ba, sai ya tuna Gini. Ranar 22 ga Disambar 1983 girgiza mai maki sama da 6 ta auka wa yankin Koumbia da Gaoual a arewa maso yammacin ƙasar, ta kashe ɗaruruwan mutane, ta bar dubbai ba matsuguni. Gini ma a tsakiyar farantin Afirka take, kan tsohon dutse, kuma mutanen wurin ba su da labarin irin wannan daga kakanninsu. Girgizar tsakiyar faranti tana iya yin ɗaruruwan shekaru ko dubbai kafin ta sake dawowa wuri guda, tazarar da ta fi ƙarfin tunawar kowane dattijo. Hanya ɗaya da ake gane tsagar da ke da sauran rai ita ce a riƙa kama ƙananan motsin da jikin mutum ba ya ji, shekara da shekaru, a ga inda suke taruwa.

A nan ne haɗin gwiwa ya zama dole, ko da jami'o'in ba sa ƙaunar juna. Idan dutse ya goce a ƙarƙashin ƙasa, motsi iri biyu ke fita a lokaci guda. Na farko mai turawa ne, yana gudun kusan kilomita 6 a daƙiƙa. Na biyu mai kaɗawa ne gefe da gefe, yana gudun kusan kilomita 3.5. Na'urar da aka kafa a kan dutse za ta rubuta isowar na farko, bayan ɗan lokaci ta rubuta na biyu. Idan tazarar daƙiƙa 10 ce, abin ya faru a nisan kimanin kilomita 80. Amma ta wace fuska? Na'ura ɗaya da'ira kawai take zana maka a taswira. Ta biyu, a wani gari, ta zana tata, su haɗu a wuri biyu. Sai ta uku ce ke raba gardama. Jami'ar da ta riƙe bayanan na'urarta a aljihun tebur ta riƙe abin da ba zai amfane ta ba ita kaɗai.

Saboda haka Cibiyar binciken girgizar ƙasa ta Toro a jihar Bauchi, wadda ke ƙarƙashin hukumar binciken sararin samaniya NASRDA, ta shimfiɗa tashoshinta galibi a harabar jami'o'i: Ile-Ife, Ibadan, Nsukka, Awka, Abakaliki, Minna, sannan Kaduna da Abuja da Oyo da Toro kanta. Ba duka suka yi aiki a lokaci guda ba. Wuta da kuɗin gyara sun sha kwantar da wasu. Bayan abin da ya faru a Mpape, hukumar binciken ƙasa da ma'adinai ta NGSA ta ƙara nata tashoshin, kuma wadda ke Katampe a Abuja ta kama motsin 2024. Amma a jerin farko na Toro babu ko ɗaya a jihar Kano. Mafi kusa da Jajaye ita ce ta Kaduna, sama da kilomita 100, nisan da ƙaramin motsi kan ɓace kafin ya isa.

Abin da ya sa wannan giɓi ke damuna shi ne ruwan da ke kwance a Ƙaraye. Madatsar Challawa, wadda aka kammala a 1992, tsawonta sama mita 42 ne, bangonta ya miƙe kilomita 7.8, kuma idan ta cika tana riƙe da ruwa mai yawan mita kubik sama da miliyan 900. An san cewa babban tafki na iya tada tsagar da ke barci, ta hanyar nauyinsa da kuma ruwan da ke tsiyaya cikin tsagar ya sassauta ta. A Koyna ta Indiya, yankin da shi ma ake ɗauka lafiyayye ne, ƙananan motsi sun fara bayan an cika tafki a farkon shekarun 1960, sannan a Disambar 1967 girgiza mai maki 6.3 ta kashe mutum kusan 200. An ga irinsa a Kariba da Aswan. Gaskiyar da za a haɗa da wannan ita ce, madatsun da suka yi haka galibi masu zurfin mita 100 ne ko fiye, Challawa ba ta kai rabin haka ba, kuma ta haura shekara 30 da ruwa a cikinta. Ba ina cewa za ta girgiza ƙasa ba ne. Ina cewa bango mai riƙe da wannan ruwa, wanda garuruwa ke kwance a ƙasansa har zuwa Kano da Wudil da fadamar Haɗeja, ya cancanci na'urar da ke sauraron ƙasar da yake tsaye a kai. Mutanen Kano sun ga abin da ɓallewar Bagauda ta yi a Agustan 1988, Maiduguri ta ga na Alau a Satumbar 2024. Ruwan sama ne da raunin gini suka yi waɗannan, ba girgiza ba, amma sun nuna abin da ke biyo bayan madatsar da ba a sa wa ido.

Akwai kuma ɓangaren binciken da na'ura ba ta yi, kuma shi ne wanda ake mantawa idan ana maganar haɗin gwiwa. Yawancin girgizar da ke cikin jerin Najeriya ba na'ura ce ta kama su ba, bakin mutane ne. Masana na da ma'auni na biyu mai hawa 12, mai sunan Mercalli, wanda ba ya tambayar ƙarfin da ya fita daga dutse, yana tambayar abin da mutum ya ji kuma ya gani a inda yake. Ka ji a zaune ko kana tafe? Ya tashe ka daga barci? Kayan jere sun yi ƙara? Ruwan randa ya fantsala? Yaɓe ya zubo, ko bango ne ya tsage? Idan aka tara amsoshin ƙauyuka da yawa aka ɗora a taswira, sai a ga inda abin ya fi tsanani, a gane tushensa da ɗan kimanta zurfinsa. Da irin wannan shaida aka zana taswirar Ijebu-Ode.

Ma'aunin nan yana da wani hukunci da ya shafe mu kai tsaye. A ƙananan hawansa, mutanen da ke zaune cikin ɗaki ne ke jin motsi, wanda ke waje yana aiki ba ya ji. A Jajaye da rana, wa ke cikin ɗaki? Maigida na gona ko kasuwa, samari na kan babur. Shaidun da suka fi kowa inganci su ne matan gida da tsofaffi da marasa lafiya. Tawagar masu bincike da ta zo maza zalla, ta tsaya a ƙofar gidan dagaci ta tambayi waɗanda ke zaune a dakali, za ta koma da labarin da aka ji daga wani. Sai an zo da ɗalibai mata masu jin Hausa, waɗanda za su yi sallama su shiga har tsakar gida, su ce “Baba, a ina kike zaune lokacin?”, su tambayi ko kafin la'asar ne ko bayanta. Jami'ar Bayero da ta Aliko Dangote da ke Wudil da Ahmadu Bello duk suna da irin waɗannan ɗalibai. Kuma hanyar isar da labari ba sai an ƙirƙiro ta ba: mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai fada. A tsarin 2024 masarautar Ƙaraye ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo ta ƙunsa, daidai faɗin yankin da ake magana a kai. Abin da ya rage shi ne lambar waya ɗaya da aka san wani masani zai ɗauka.

Wanda ya ba da shaida yana da haƙƙin a dawo masa da sakamako, cikin harshen da ya yi shaidar. Idan ba a dawo ba, jita-jita ce ke cike gurbin. Cikin daren 18 ga Janairun 2010, kwana shida bayan girgizar Haiti, saƙon waya ya zaga Ghana cewa an hango girgiza na tafe. Dubban mutane a Accra da Kumasi da sauran garuruwa suka fito da 'ya'yansu suka kwana a fili, babu abin da ya faru. A lokacin ma WhatsApp bai kai hannun kowa ba. Jumla ɗaya da ya kamata kowane ɗalibi da limami da mai gabatar da shiri a Rediyon Kano ko Freedom ya riƙe ita ce: har yau babu masani ko hukuma a duniya da ke iya faɗin rana da sa'a da wurin da girgiza za ta auku. Ana iya cewa wannan yanki ya fi wancan haɗari, shi ke nan. Saƙon da ya zo da rana da sa'a ƙarya ne, ko da sunan wa aka liƙa masa. Haka kuma ba kowace ƙara ce girgiza ba. Nakiyar masu fasa dutse tana kaɗa gida, kuma a Mpape an yi ta muhawara kan fasa dutse da yawan rijiyoyin burtsatse, har hukumar Abuja ta dakatar da su na wani lokaci a 2018. A rubutun na'ura, fashewar nakiya da gocewar dutse ba sa kama da juna, kuma na'urar da ke kusa kan raba su cikin sauƙi.

Shawarar abin da za a yi idan ƙasa ta motsa ita ma tana buƙatar a auna ta da gidajenmu. Takardun da aka saba kwafowa daga Amurka da Japan na cewa ka durƙusa, ka shige ƙarƙashin tebur mai ƙarfi, ka riƙe shi. An yi wannan ne don ginin da aka tsara ba zai rushe ba, inda haɗarin shi ne abin da zai faɗo maka a ka. Su kansu masu shawarar sun keɓe ginin ƙasa mai nauyin rufi: wanda ke cikin irinsa, a ƙasa ba a bene ba, gara ya fita. Soro mai azara da ƙasa a kai shi ne ainihin abin da suke nufi, kuma ɗakuna nawa ne a Jajaye ke da tebur? A wurinmu shawarar ita ce a fita tsakiyar tsakar gida ko fili, a nisanci katanga da rumbu, kada a tsaya a zaure, kada a bi lungu mai katanga hagu da dama. A kashe wutar murhu idan ana kusa da ita. A sa ran ƙananan motsi za su iya biyo baya, don haka ɗakin da ya tsage ba a kwana a cikinsa sai magini ya duba. Wanda ya ce komai ikon Allah ne ya faɗi gaskiya, kuma shi ɗin ne da kansa ke yaɓe katangarsa kafin ruwa ya sauka.

A kan katangar nan ne amfanin wannan ilimi ke fitowa ko da ƙasa ba ta taɓa motsi ba. A tsaunukan Atlas na Maroko mutum kusan 3,000 suka mutu a 2023, akasarinsu a ƙauyukan ginin ƙasa da dutse. Raunin da ya kayar da gidajensu shi ne raunin da ke kayar da namu kowane watan Agusta: gindin bango da danshi ya ci, kusurwa biyu da ba a sarƙe tubalinsu da juna ba, doguwar katanga ba madogari, ƙofa da taga dab da kusurwa, rufi mai nauyi da kowace shekara ake ƙara masa ƙasa, indararon da ke zuba ruwa a jikin bango. Gidan bulo ma bai tsira ba idan buhun siminti ɗaya aka miƙar ya fitar da bulon buhu biyu, aka kuma yi linta a kan ƙofa kaɗai maimakon a zagaye ginin da ita. Gyaran da injiniya zai ba da don girgizar da wataƙila ba za ta zo ba a zamaninmu, shi ne gyaran da zai hana bango faɗa wa yara suna barci a daminar bana.

An gwada haɗa waɗannan abubuwa wuri ɗaya a Nepal. Bayan girgizar 2015 da ta kashe mutum kusan 9,000, masana daga Jami'ar Lausanne ta Suwizalan, tare da ɗan ƙasar Shiba Subedi, suka kafa ƙananan na'urori samfurin Raspberry Shake a makarantun sakandare 22 a 2019, suka horar da malamai, suka rubuta darussan cikin harshen Nepal. Yara na ganin motsin ƙasarsu a kan allon kwamfuta, bayanan kuma na tafiya ta intanet ga duk mai bincike. Na'urar ba ta kai ingancin ta babbar tasha ba, amma kuɗinta 'yan ɗaruruwan dala ne, kuma tana kama motsin kusa.

Irin wannan bai fi ƙarfin yankinmu ba. Ɗaya a wata sakandare a Ƙaraye kusa da madatsa, ɗaya a Rogo, ɗaya a Samaru, an sami kusurwa uku. Kowace na buƙatar daɓen kankare a ɗakin da ba a yawan shiga, nesa da injin niƙa da hanyar motocin rake, da faifan sola da batiri, da layin intanet da wani ya ɗauki nauyin biya kowane wata. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, mai kula da Challawa, tana da dalilin sa hannu a aljihu, haka hukumar agajin gaggawa ta jihar Kano. Toro ta karɓi bayanan ta haɗa da nata, jami'o'in uku su raba ɗaliban da za su riƙa karantawa. Sharaɗin da zan so a rubuta cikin yarjejeniyar tun ranar farko shi ne, sau ɗaya a shekara, bayan an gama girbi kuma kafin a fara ginin rani, waɗanda suka karanta bayanan su zo da kansu su faɗa wa malaman makarantar da hakimi da maginan garin abin da na'urar ta rubuta, da Hausa, ko da abin da za su faɗa shi ne bana ba ta kama komai ba sai nakiya da manyan motoci.